Dan Allah me kalmar humanized take nufi ne?

Mai_neman_sani:
Assalamu alaikum jama'a. Wannan kalmar humanized ta ishe ni wallahi. Shekaranjiya na ganta a wani sharhin fim, wai an yi humanized ɗin mugun cikin labarin, yau kuma sai ga wani yana tallan manhaja wai tana sa rubutun AI ya zama humanized. Ni dai na ɗauka mutuntawa ce, to amma wa zai mutunta mugu?

Malamar_Turanci:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. A'a, ba mutuntawa ba ce, mutunta mutum ai ba shi girmansa ne. Ita wannan daga human aka samo ta, ma'ana an fito da ɗan-adamtakar abu, ko an sa ya yi kama da na mutum. A fim ɗin nan abin da suke nufi shi ne ba a bar mugun a matsayin dodo kawai ba, ƙila an nuno shi zaune gefen gadon uwarsa da ba ta da lafiya, hannunsa na rawa yana ba ta ruwa, kai mai kallo ba wai ka yafe masa ba ne amma dai ka ga ashe shi ma mutum ne mai tsoro da tausayi. Turawan Ingila sun fi rubuta ta humanised da s, Amurkawa kuma da z. Kishiyarta dehumanized, wato a ɗauki mutum kamar ba mutum ba.

Ɗalibin_adabi:
Malama, ba ita ce mutuntarwa da muka karanta a adon harshe ba? Kamar a ce rana ta leƙo, ko mutuwa ta yi sallama.

Malamar_Turanci:
Sun yi kusa, amma waccan personification Bature ya fi kiranta.

Mai_haɗa_magani:
Toh mu a ɓangarenmu wani abu ne daban fa. Akwai magungunan da ake samo sinadarin garkuwar jikinsu daga ɓera, idan aka zuba wa mutum haka nan jikinsa zai ɗauke shi baƙo ya yaƙe shi, shi ne ake sauya kusan dukkansa da irin na mutum a bar ɗan gurbin da ke kama cutar, wannan shi ne humanized antibody. Greg Winter, wani masanin kimiyya na Kambirij a Ingila, shi ne ya fito da dabarar a shekarun 1980, ya samu kyautar Nobel a 2018. Misali trastuzumab na kansar mama da Amurka ta amince da shi a 1998, "zu" ɗin da ke tsakiyar sunan ma alamar hakan ce.

Mai_neman_sani:
Ikon Allah, har da ɓera! Na gode Malama, na gode Yaya. To na manhajar fa?

Malamar_Turanci:
Wannan kam kwaskwarima ce kawai, a jujjuya kalmomin inji don a zaci mutum ne ya rubuta. Na taɓa gwada wata, sai ta ƙara min kurakurai biyu a sakin layi ɗaya, wai ita nan ta zama mutum.