Neman kalma: "fly fishing" da "steelhead" da Hausa

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina fassara shirin rediyo kan kamun kifi na hunturu a kogunan Hoh da Sol Duc na jihar Washington, gobe da safe za a ɗauki murya. Kalmomin nan biyu sun tsaya mini. A taimaka.

Ɗan Gulbi: Wa alaikumus salam. Malama, "fly fishing" ɗin kada dai ki ce "kamun kifi da ƙuda" don "fly" na nufin ƙuda, ba ƙuda a ciki. Ƙugiya ce ake naɗe wa gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro ko ƙwan kifi. Ba ta da nauyi, nauyin igiyar ne ke kai ta idan an wurga. Ni "fatsar gashi" na gani.

Malamin Nahawu: A rubuce za a ɗauka gashin kifi a wuta ake nufi. A baki babu matsala, wasalin dogo ne.

Mazaunin Oregon: "Gashi" ma bai kama aikin hunturu ba. Daga Disamba zuwa Maris ruwa kan sauka zuwa digiri 3 ko 4, kifi ya lafe a gurbi mai zurfi inda ruwa ke tafiya a hankali, ba ya tasowa. Sai a ɗaura bakin igiya mai nutsewa, kamar ƙafa 10 zuwa 15, a sandar hannu biyu mai ƙafa 13, a wurga a karkace, a bar ruwa ya ja ta, a yi taku biyu, a sake. Idan ƙugiyar ta wuce da sauri ko ta saman kan kifin, an yi aikin banza. Bayan ruwan sama kogi na cika ya yi jawur, sai ya fara janyewa ya koma kore-kore, ana hangen kamar ƙafa 2 zuwa 3, sannan ake fita. Ƙanƙara kuma na toshe zobban sandar, igiya ta ƙi fita.

Baban Komau: Ku bar fatsa tukuna. Kifin nan "steelhead" sunansa "komau". Jinsinsu ɗaya da kifin tarawut ("trout") mai launin bakan gizo, sai dai shi yana tafiya teku ya girma, ya komo kogin da aka ƙyanƙyashe shi ya yi ƙwai. Komau!

Ɗan Gulbi: Kifin salmon ma yana komowa. Shi ma komau ne?

Baban Komau: Na tekun Fasifik komowa ɗaya yake yi ya mutu. Wannan yana iya maimaitawa. Wa ya fi cancanta?

Malamin Nahawu: A ce "sitilhed" a huta.

Baban Komau: Haba Malam! Harshen da ke da taru, koma, birgi da mamari ne zai rasa sunan kifi ɗaya? Ku je Argungu ku ji.

Malamin Nahawu: Ranka ya daɗe, "tarawut" ɗin da ka rubuta a sama, daga Argungu ka samo ta?

Mazaunin Oregon: Malama, ko wane suna kika ɗauka, ki raba na daji da na kiwo. Na kiwo, wato wanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo aka sake shi a kogi, an yanke masa ɗan fiffiken da ke kusa da wutsiya, shi ake iya tafiya da shi gida. Na daji a waɗannan kogunan sakinsa ake yi.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Na ɗauki "fatsar gashi" tunda rediyo ne, da jimla ɗaya ta bayani. Kifin kuma "sitilhed, wato tarawut mai zuwa teku".

Baban Komau: To, shirinki ne. Amma ko sau ɗaya ki saka "komau" a ji yadda za ta zauna a kunne.