Yadda The Lion King ya koma wasan dandali

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ta yaya aka mayar da katun ɗin Disney na 1994 wasan dandali, alhali taurarinsa duk dabbobi ne?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam. Mai ba da umarni, Julie Taymor, ta ƙi ɓoye ɗan wasa, sai ta ɗora masa fuskar zaki a saman kai domin mai kallo ya ga dabba da mutum a tare. Masu fitowa a raƙumin dawa kuwa, a kan dogayen sanduna huɗu suke tafiya.

Amsa ta biyu: Ƙari a kan bayanin Malam, ita ce ta mayar da Rafiki, birin da yake namiji a katun ɗin, ya zama mace kafin a buɗe wasan a Broadway, cibiyar gidajen wasan dandali ta birnin New York, a 1997, kuma a ganina hakan ya ƙara masa armashi matuƙa.