Me za mu kira "catalyst" da Hausa?

'Yan'uwa masu koyar da ilimin sinadarai, ku zo mu yanke wannan magana. Har yanzu "katalis" muke cewa a aji, yara su haddace ba tare da sun san me ake nufi ba, wato abin da ke sa sinadarai su haɗu da sauri shi kuwa bai ƙare ba.

Wasu sun kawo "mahanzarci", tunda yana sa haɗuwar sinadarai ta yi sauri. Ba laifi, amma zafi ma yana hanzarta aiki, kuma ba wanda ke kiran wuta katalis. An kuma ambaci kanwa, saboda yadda take nunar da wake. Ita kuwa narkewa take yi ta bi miya, ba a sake ganin ta.

Ni "dillali" nake so. Ku dubi haɗin Suzuki, wanda Akira Suzuki da Norio Miyaura suka fitar a Jami'ar Hokkaido ta Japan a 1979, har ya kai Suzuki ga kyautar Nobel ta 2010 tare da Heck da Negishi. Sinadarai biyu ne a kwalba, ɗaya ɗauke da buromin, ɗaya da boron. Ka dafa su kwana da kwanaki, ba za su kula juna ba. Sai a zuba ɗan faladiyam, wani ƙarfe mai tsada wanda shi ne katalis ɗin a nan, sau da yawa kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari kawai. Ya kutsa tsakanin kabon da buromin ya riƙe na farko, ya karɓo kabon ɗin da ke hannun boron, ya ƙulla su, ya sake su, ya koma neman wasu biyun. Shi ba a saye shi ba, ba a sayar da shi ba. Kuma kayan da ba za su taɓa sayuwa ba, ba shi da yadda zai yi da su. Hanya kawai yake sauƙaƙawa.

Wanda ya yi aiki a ɗakin gwaji ya san dillalin nan shagwaɓaɓɓe ne. Garin haɗin faladiyam da aka saba amfani da shi ruwan ɗorawa ne shar, a firji ake ajiye shi, kuma sai an kori iska daga kwalbar da naitirojin ko agon kafin a fara. In aka yi sakaci, da safe za ka tarar da baƙar ƙura kwance a gindin kwalba, aikin jiya ya tafi.

Na san za a ce dillali yana cin la'ada, wannan kuwa ba ya ci. Ku tambayi mai sayo wa ɗakin gwaji faladiyam ko kyauta yake samu.

Kalmar tana kuma juyuwa yadda muke so. Aikin katalis ɗin, wanda masanin sinadarai Berzelius ya raɗa wa suna "catalysis" a 1835, sai mu ce "dillanci", jam'i "dillalai". Inda ake tsoron ruɗani, a ce "dillalin sinadari". Enzayim, wato katalis na jikinmu, shi ne ban gama yanke wa suna ba: "dillalin jiki" ko "dillalin halitta"? Malaman bayoloji, ku sa baki.