Jijiyar zuciyar jaririya ta fito daga jijiyar huhu: tiyata dole ce?

Maman Zahra: Assalamu alaikum. 'Yar ƙanwata mai wata uku tana gumi da kuka duk lokacin shan nono, kuma da aka yi mata hoton zuciya, likita ya ce jijiyar hagu mai ciyar da tsokar zuciyarta ta fito ne daga jijiyar huhu. Lafiya lau aka haife ta, to me ya sa sai yanzu ciwon ya bayyana, kuma shin magani kaɗai ba zai wadatar ba?

Malam Nas: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya ba ta lafiya. A ƙa'ida jijiyoyi biyu masu ciyar da tsokar zuciya, ta dama da ta hagu, suna fitowa ne daga gindin babbar jijiyar da ke kai jini ga sassan jiki. A makonnin farko bayan haihuwa ƙarfin jini a jijiyar huhu yana da yawa, saboda haka yana iya tura jini zuwa tsokar zuciya; amma idan ƙarfin ya sauka, sai jinin ya juya baya, ya riƙa gudu daga tsokar zuwa huhu. Shan nono shi ne aikin ƙarfin jariri, shi ya sa gumin yake zuwa a lokacin. Likitoci uku na Boston, Bland da White da Garland, sun bayyana ciwon a 1933, kuma ana samunsa a kusan haihuwa ɗaya cikin 300,000.

Baban Khalil: Hajiya, magani yana rage kumburi da wahalar numfashi, amma ba ya mayar da jijiya mazauninta. Idan ba a yi aiki ba, kusan tara cikin goma na jariran da ke da wannan larura ba sa cika shekara, alhali idan aka cire jijiyar aka dasa ta a babbar jijiya da wuri, zuciyar yawanci tana farfaɗowa sosai. Ina roƙonku kada ku tsaya jiran ta ƙara girma.

Maman Zahra: Na gode ƙwarai. Uwar tana ta zargin kanta, wai ko wani abu ta ci lokacin goyon ciki.

Malam Nas: Ki kwantar mata da hankali, domin wannan halitta ce da ke faruwa tun zuciyar tana haɗuwa a farkon ciki, kuma ba a danganta ta da abinci ba. Ku nemi takardar tura ku zuwa likitan zuciya na yara a makon nan, kuma idan numfashinta ya tsananta ko ta ƙi nono, ku wuce asibiti nan take.