Me ya haɗa hayaƙin janareta da taswirar galaksi?

Ɗan aji biyu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya a lakca aka ce wai da kabon monoksaid ake zana taswirar gizagizan gas ɗin da taurari ke samuwa a cikinsu, ni fa kaina ya kulle. Ba shi ne dai ke kashe mutane in an kunna janareta a ɗaki ba? Kuma an ce gizagizan kusan duk haidurojin ne, to me ya hana a duba shi kai tsaye?

Mai kallon sama:
Wa'alaikassalam ƙanena, shi ɗin ne dai wallahi. Matsalar ita ce wurin akwai sanyi na fitar hankali, digiri 10 zuwa 20 kacal a ma'aunin Kelvin, wato wajen digiri 260 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyas, a irin wannan sanyin haidurojin shiru yake yi abinsa ba ya fitar da wani haske da za a kama, shi kuwa CO, wato kabon monoksaid ɗin, ɗan taɓa shi kaɗan sai ya hau juyi yana sakin siginar rediyo mai tsawon milimita 2.6, wajen gigahaz 115. Bai da yawa fa, kusan ɗaya ne cikin dubu 10 na haidurojin, amma shi ke tona asirin inda sauran suke. A 1970 masana Wilson da Jefferts da Penzias suka fara kama shi a gajimaren Orion.

Ɗan aji biyu:
To yaya, nisan kuma ta ina ake sani?

Mai kallon sama:
Galaksinmu, wato tarin taurarin da rana take ciki, juyawa yake, sai siginar ta ɗan goce gwargwadon gudun gajimaren, daga nan ake lissafo nisa. Amma in ka kalli ɓangaren tsakiyar galaksin, gudu ɗaya kan ba ka nisa biyu, na kusa da na nesa, nan ake shan wahala.

Anti Fiziks:
Abin da ke burge ni shi ne babbar taswirar da masana Dame da Hartmann da Thaddeus suka fitar a 2001, da 'yan ƙananan na'urorin kama siginar rediyo biyu masu faɗin mita 1.2 aka yi ta, ɗaya a Amurka ɗaya a Cerro Tololo ta ƙasar Cile, sama da shekara 20 ana tara bayanai. Ta Amurkan ma a saman rufin wani gini na Jami'ar Columbia ta fara aiki, tsakiyar Niyok!

Ɗan aji biyu:
Kai Anti, cikin gari? Hasken fitilu bai dame su ba?

Anti Fiziks:
Ina ruwan rediyo da fitila, tururin ruwa da ke cikin iska ne abokin gabarsu, shi ya sa sun fi samun aiki da lokacin sanyi.