Muhawara: Manhajar kwamfuta na buƙatar rauta kamar shafin intanet?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum jama'a. Ina rubuta wa wani shagon sari a babbar kasuwar Garwa manhajar lissafi da Qt, wato tarin kayan aikin gina manhajoji masu tagogi da maɓallai. Abokin aikina ya dage sai mun sa rauta (router), wato ɓangaren kod da ke kula da shiga daga shafi zuwa shafi, kowane shafi da adireshinsa. Ni na ce wannan al'adar masu gina shafukan intanet ce. QStackedWidget, mazubin shafuka na Qt, na nan: ka jera shafukanka, ka kira wanda kake so ya fito. Manhajar da ba ta da wurin rubuta adireshi, adireshin na wa?

'Yar Marwa: Wa alaikumus salam. Yaya, adireshin naka ne kai mai rubuta kod, ba na mai shago ba. Ga misali. Alhaji yana duba bashin wani abokin ciniki, ya buɗe rasit, daga rasit ya shiga shafin buhunan shinkafa ya ga saura nawa. Yanzu yana so ya koma kan bashin. QStackedWidget ba ya riƙe inda aka fito.

Ɗan Garwa: Sai in ajiye jerin shafukan da aka bi, ƙanwata. Ba wani aiki ba ne.

'Yar Marwa: Da lambar abokin cinikin, da lambar rasit, da tambayar "a adana kafin a fita?". Idan ka gama haɗa su, rautar ce ka rubuta da hannunka, sai dai a warwatse cikin maɓallai.

Malam na Injamena: Ku bari in sa baki. Cewa abin na intanet ne kaɗai ba daidai ba ne. Tun 2006 WPF, kayan gina manhajojin Windows na Microsoft, ta zo da Frame da NavigationService masu kula da shiga shafuka, har da tarihin gaba da baya. A Qt ɗin ma, ɓangaren QML, yarensa na zana fuskar manhaja, yana da StackView mai push da pop, wato ɗora shafi a kan wani da cire shi. Amma ɗana, akwai tarko: a WPF, shafin da aka shiga ta adireshi ana sake gina shi idan an dawo, sai dai in an kunna KeepAlive, saitin da ke barin shafi a raye. Wanda ya jibge bayanansa a jikin shafin zai dawo ya tarar wasu sun ɓace. Bayanai su zauna daban, shafi ya nuna su kawai.

Ɗan Kusiri: Malam, Allah ya ƙara sani, amma ni ina bayan Ɗan Garwa. Na tsaya a shago na ga yadda yaran Alhazai ke aiki: taga ɗaya ta sayarwa a hagu, ta kayan sito a dama, mai saye na tsaye da kuɗi a hannu. Tunanin rauta shi ne shafi ɗaya a lokaci ɗaya, kamar waya. Ka ɗora shi kan kwamfuta, ka kashe amfanin babban allo.

Malam na Injamena: Wannan magana ce mai nauyi. Maganinta kowace taga ta riƙe tarihinta, ba tarihi ɗaya ga manhajar gaba ɗaya ba.

'Yar Marwa: Kuma kada mu manta irin kwamfutocin da ke shagunanmu, yawanci tsofaffi ne na hannu. QStackedWidget yana riƙe da duk shafin da ka zuba masa a raye. Rauta kuwa sai an nemi shafi take gina shi. Ga ɗauke wuta kuma. Idan wurin da mutum yake rubutu ne guda, misali bashi/27, ka adana shi a QSettings, ma'ajiyar saituna ta Qt, wuta na dawowa manhajar ta buɗe masa a nan.

Ɗan Garwa: Batun ɗauke wutar ya kama ni, don shi mai shagon ya fi kuka da shi. Zan tara sunayen shafuka da tarihin a aji (class) guda na kod. Amma sayarwa da sito tagogi biyu za su zauna, ba zan cusa su ƙarƙashin rauta ɗaya ba.

Ɗan Kusiri: To idan an sayar da buhu a ta hagu, wa zai sanar da ta dama?

Malam na Injamena: Signals da slots na Qt, wato hanyar da wani ɓangaren kod ke sanar da wani cewa an samu canji, daga ajin bayanan. Ka turo kod ɗin bayan Isha'i mu duba tare.