Kan nonona ya tsage kwana tara bayan haihuwa: shin in daina ba shi wannan ɓangaren?

Mai Jego, Argungu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da yayyena waɗanda suka riga ni sanin wannan hali. Yau kwana tara da na haifi ɗana na fari, kuma ina gidan iyayena inda ake yi mini wankan jego. Tun kwana na uku nonona ya cika ya yi tauri, har yaron ya riƙa kasa kama shi sai bayan ya yi kuka ya gaji. Daga baya kan nonon hagu ya tsage, kuma duk lokacin da ya kama sai na cije leɓe don azaba, wani lokaci har jini yakan ɗan fito. Saboda haka kwana biyu ke nan ban ba shi na hagun ba, sai na dama kawai. Yanzu na hagun ya ƙara kumbura, kuma ina jin wani ƙulli a ciki ta wajen hammata, ko da yake ba ni da masassara.

Kakata ta ce nonon ya ɓaci, don haka a riƙa gasa shi da ruwan zafi ana murzawa, yaron kuma a haɗa masa da ruwa da madarar gwangwani. Ban so in yi mata musu, amma hankalina bai kwanta ba. Idan bayanin zamana zai taimaka, a kan tabarma nake zama in ɗora shi a cinya, sannan in sunkuya in miƙa masa nonon a ƙarƙashin mayafi, domin ɗakin ba ya rabuwa da 'yan barka.

Ungozomar Asibiti, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Nononki bai ɓaci ba, kuma abin da kika faɗa a ƙarshe game da zamanki shi ne ya nuna mini inda matsalar take. Idan jariri yana kwance rigingine a cinya, uwa kuma ta sunkuyo masa daga sama, kan nonon kaɗai yake samu, sai ya riƙa matse shi tsakanin harshe da dasashi. Wannan matsar ce take tsaga fata, kuma ita ce take hana nonon fita sosai, har ya taru ya kumbura.

Ki zauna inda bayanki zai jingina da bango, ki sa matashi a cinyarki, ki ɗago yaron zuwa ga nono maimakon ki kai nono gare shi. Ki juyo shi gaba ɗaya yadda cikinsa zai manne da naki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa su kasance a layi ɗaya, hannunki kuma ya tallafe dukan jikinsa har mazauni. Ki saita hancinsa da kan nonon, ki taɓa leɓensa na sama da shi, ki yi haƙuri har sai ya wage baki kamar mai hamma, sannan ki matso da shi da sauri. Alamu huɗu za ki duba: bakinsa a buɗe yake sosai, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, haɓarsa tana taɓa nono, kuma baƙin da ke kewaye da kan nonon ya fi bayyana a saman bakinsa fiye da ƙasa. Idan ya kama daidai za ki ga yana zuƙa a hankali yana ɗan tsayawa, har ki ji sautin haɗiya. Idan zafin bai lafa ba bayan zuƙar farko, kada ki fizge. Ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ya saki, ki sake gwadawa.

Duk wannan yana buƙatar ki ga bakin yaron da idonki, kuma a nan ne kunyar ɗan fari take cutar da 'yan'uwanmu mata da yawa. Ina girmama wannan kunyar, amma a makonnin farko ki roƙi Inna ta ba ki ɗaki ko ta sa miki labule a lokacin shayarwa.

Game da na hagun, ki koma ba shi yau ɗin nan, domin barinsa ne ya kawo ƙullin. Ki fara da na dama, idan nonon ya fara zuba sai ki mayar da shi na hagu. Idan ya yi taurin da ba zai kamu ba, ki wanke hannu ki tatsi kaɗan har wajen baƙin ya yi laushi. Ki shayar da shi duk lokacin da ya nema, aƙalla sau 8 zuwa 12 a cikin awa 24, har da dare. Bayan ya sha ki ɗora tsumma mai sanyi a kan kumburin, ki shafa ɗigon nononki a kan tsagar ki bar ta ta sha iska, kuma ki daina sa mata sabulu. Ruwan zafi da murza da ƙarfi suna ƙara kumburi ne, shafa mai sauƙi ta isa. Ɗan jinin da yake haɗiya ba ya cutar da shi, sai dai uwa mai ɗauke da cutar HIV ko ciwon hanta ya kamata ta fara ganin likita. Farasitamol ba ya hana shayarwa.

Idan kika ji masassara da rawar ɗari, ko wurin ya yi ja da zafi, ko ƙullin ya wuce awa 24 zuwa 48 bai ragu ba duk da gyaran, ki je asibiti a ranar.

Uwar Tagwaye, Jega:

Barka da arziki, 'yata. Na yarda da bayanin Malama ungozoma, sai dai ina so in ƙara cewa zama ɗaya ba ya yi wa kowace mace daidai. Ni da tiyata aka ciro mini tagwaye, kuma ɗora yaro a ciki ba ya yiwuwa saboda ɗinki. Wata nas ce ta nuna mini yadda zan riƙe yaro ta ƙarƙashin hammata, ƙafafunsa suna bayana a kan matashi, tafin hannuna yana tallafe da ƙeyarsa da wuyansa. A wannan riƙon ana ganin bakin yaro sarai, kuma tun da tsagarki tana wuri ɗaya ne, sauya riƙo zai sa matsin ya koma wani gefen ta samu ta warke. Da dare kuwa a kan gefena nake kwanciya cikin gidan sauro, yaron yana fuskantata, na kawar da matashi da bargo daga kusa da fuskarsa.

Maganar ruwa ita ce ta fi damuna, domin na san zafin ƙasarmu yana sa tsofaffi su tausaya wa jariri. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke cewa nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Ruwa yana cika masa ciki ya rage tsotso, nonon ya ƙara taruwa, ga kuma haɗarin gudawa. Idan yana yin fitsari sau shida ko fiye a kwana ɗaya, to yana ƙoshi.

Kakarki ƙauna ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa. Kada ki ja da ita a gaban mutane; ki sa mahaifiyarki ta yi mata bayani, ko ku je asibiti tare ta ji daga bakin ma'aikata.

'Yar Yauri:

Yaya ungozoma ta ambaci masassara a taƙaice, ni kuma ina so in tsaya a kanta, domin a nan na yi kuskure a haihuwata ta biyu. Na bar nono ɗaya saboda tsaga, kamar yadda kika yi, da jikina ya yi zafi kuma na ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, na sayi magani a kemis na sha ba tare da gwaji ba. Kafin in je asibiti wurin ya tara mugunya ya zama maruru, sai da aka tsaga aka fitar, na yi makonni ina zuwa wankin ciwo. Likita ya gaya mini cewa da na zo tun farko, mai yiwuwa maganin kashe ƙwayoyin cuta da ci gaba da shayarwa sun wadatar. Ki kuma duba rigar nononki, domin tawa ta matse ni ƙwarai, kuma daidai inda take danna ni a nan ƙullin ya fara.

Mai Jego, Argungu:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya Inna ta mayar da 'yan barka ɗakinta, na jingina da bango na gwada riƙon hammata da Hajiya Uwar Tagwaye ta kwatanta. Sai da na cire shi sau uku kafin ya wage baki yadda ya kamata, kuma a karo na huɗu na ji yana haɗiya ba tare da wannan azabar ba. Da safiyar yau ƙullin ya ragu amma bai ɓace ba, don haka maigida zai zo gobe ya kai ni asibiti a duba, kuma Kaka ta ce za ta bi mu.